Ba a gareji aka ƙera kwamfuta ba

Labarai biyu ne suka fi yawo a tsakaninmu duk lokacin da aka tashi maganar waɗanda suka kawo wa duniya kwamfuta da intanet. Na farko shi ne wanda ake ba matasa a tarukan zaburarwa. Mai jawabi zai riƙe makirufo ya ce Bill Gates bai gama jami'a ba, Steve Jobs a garejin gidansu ya fara, Mark Zuckerberg kuwa a ɗakin kwanan ɗalibai ya ƙirƙiro Facebook, saboda haka kai ma ba ka da uzuri. Na biyu a Facebook da WhatsApp yake zagayawa, hoton wani bawan Allah da rubutu a ƙasansa: ɗan Najeriya ne ya ƙirƙiro intanet, Turawa ne suka danne maganar.

Duka biyun suna da daɗin ji, kuma kowanne akwai ɗan ɓurɓushin gaskiya a cikinsa. Amma ni a ganina cutarwarsu ta fi amfaninsu yawa. Na farko yana sauke wa hukuma nauyin da ke wuyanta ya ɗora wa yaron da ba shi da wuta ba shi da malami. Na biyu yana rarrashinmu ne, ya ce mana mun riga mun yi, alhali ba mu fara ba. Tarihin kwamfuta na gaskiya tarihi ne na taron jama'a, da kuɗin gwamnati, da cibiyoyin bincike da aka yi shekaru ana ciyar da su kafin su haifar da ko sisin kwabo.

Mu ɗauki Bill Gates ɗin. Gaskiya ne ya bar jami'a a 1975, amma jami'ar da ya bari Harvard ce, kuma da ƙafarsa ya fita, ba yajin aiki ne ya kore shi ba. Mahaifinsa babban lauya ne a birnin Seattle. Makarantar sakandaren da ya yi, Lakeside, ta masu hali ce, kuma tun a 1968, yana ɗan shekara 13, ƙungiyar iyaye mata ta makarantar ta tara kuɗi aka samar wa yara na'urar da za su riƙa haɗuwa da babbar kwamfuta ta layin tarho. A wannan shekarar jami'o'i da yawa a duniya ba su da irin wannan gata. Kafin ya shiga Harvard ya riga ya shafe shekaru yana rubuta manhaja. Mahaifiyarsa kuma ta zauna a kwamitin wata babbar ƙungiyar agaji, United Way, tare da John Opel, shugaban kamfanin IBM, kamfanin da ya ba Microsoft kwangilar da ta ɗaga shi. Manhajar da suka kai wa IBM ɗin ma ba Gates ne ya rubuta ta ba. Wani matashi ne mai suna Tim Paterson ya rubuta a wani ƙaramin kamfani, Microsoft ya saye ta gaba ɗaya a 1981 a kan dala 50,000. Ban ce Gates ba shi da kai ba. Yana da kai, yana da naci, kuma ya iya ciniki fiye da duk sa'o'insa. Amma a tsaya a gaban yaron da ubansa ya sayar da akuya ya biya masa kuɗin jarrabawa, a ce masa ya yi koyi da Gates wajen barin makaranta, wannan ba nasiha ba ce.

Garejin Apple ma haka. Wanda ya zana kwamfutar farko ta kamfanin a 1976 Steve Wozniak ne, ɗan injiniya, ma'aikacin kamfanin Hewlett-Packard, kuma shi da bakinsa ya faɗa daga baya cewa an zuzuta labarin garejin, ba a can aka yi zanen ba. Linzamin kwamfuta da tagogin da ake buɗewa a allo, waɗanda suka sa kwamfutar Macintosh ta Apple ta yi suna a 1984, Jobs ya je ya gan su ne a cibiyar binciken Xerox a ƙarshen 1979. Su ma na Xerox sun gada ne daga Douglas Engelbart, wanda ya nuna wa jama'a linzamin tun ranar 9 ga Disamba, 1968, da kuɗin binciken da hukumomin gwamnatin Amurka suka ba shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya faru a watan Oktoban 2011. Ranar 5 ga wata Steve Jobs ya rasu, duniya ta ɗauka, shugabannin ƙasashe suka yi ta'aziyya, mutane suka riƙa ajiye furanni a ƙofar shagunan Apple. Bayan mako guda aka tarar da gawar wani dattijo mai suna Dennis Ritchie a gidansa a jihar New Jersey, inda yake zaune shi kaɗai. In ban da masu sana'ar, kusan ba wanda ya ji. Ritchie shi ne ya ƙirƙiro harshen rubuta manhaja da ake kira C a farkon shekarun 1970, kuma shi da abokin aikinsa Ken Thompson suka gina Unix, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Wayar iPhone da ake ta yabon Jobs a kanta, manhajar da ke tafiyar da ita jikar Unix ce. Wayar Android da ke aljihun mafi yawanmu a kan Linux take zaune, wanda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara rubutawa a 1991 yana kwaikwayon tsarin Unix, kuma da harshen C ya rubuta. Yawancin manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet su ma dangin nan ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma a lura da inda Ritchie ya yi aikinsa. Ya shiga Bell Labs a 1967, bai bar wurin ba sai da ya yi ritaya bayan shekara 40. Bell Labs cibiyar binciken kamfanin tarho na AT&T ce, wanda gwamnati ta bar masa kasuwar tarho ta Amurka kusan shi kaɗai, shi kuma yake ware wani kaso na kuɗin yana biyan masana albashi su zauna su yi tunani. A nan aka ƙirƙiro tiransista, ɗan ƙaramin makunnin lantarkin da kwamfuta ke lissafi da shi, a 1947. Wata yarjejeniya da kamfanin ya yi da gwamnati a 1956 ta hana shi shiga wasu kasuwanci da ba na tarho ba, shi ya sa da aka gina Unix bai iya mayar da ita haja ba, sai ya riƙa ba jami'o'i a kan kuɗi kaɗan, har da ainihin rubutun manhajar. Ɗalibai suka buɗe cikinta, suka koya, suka ƙara nasu. Wato hatta yaɗuwar Unix akwai hannun doka da hukuma a ciki.

In aka ƙara komawa baya, sai a tarar yaƙi ne da baitulmali. ENIAC, ɗaya daga cikin kwamfutocin lantarki na farko, wadda aka nuna wa duniya a Fabrairun 1946 a Jami'ar Pennsylvania, sojojin Amurka ne suka biya kuɗinta, kusan dala rabin miliyan na wancan zamani, don lissafin inda harsashin igwa zai faɗa. Nauyinta ya kai tan 30, tana da ƙwayayen gilashi masu kama da ƙwan lantarki kusan 18,000. Sunayen da aka rubuta su ne na injiniyoyi biyu, Eckert da Mauchly. Amma waɗanda suka koya wa na'urar aiki mata shida ne, cikinsu akwai Kay McNulty da Betty Snyder da Betty Jennings. Ba littafin koyarwa, ba malami, zanen wayoyin na'urar aka miƙa musu suka zauna suka gano yadda za a jona wannan da wancan har ta yi lissafi. Ranar bikin nuna ta ba a gabatar da su ba, kuma an shafe shekaru masu yawa kafin a waiwayi sunayensu.

A Ingila kuma akwai Tommy Flowers, wanda labarinsa ya fi kama da na mutanenmu. Ɗan magini ne, ya yi koyon aikin hannu da rana yana karatun injiniya da dare, ya zama ma'aikacin hukumar gidan waya. Shi ya gina Colossus, na'urar lantarkin da ta fara aiki a farkon 1944 tana warware saƙonnin sirri na manyan hafsoshin Jamus. Manya da yawa ba su yarda za ta yi aiki ba, har sai da ya sa kuɗin aljihunsa a ciki. Bayan yaƙi aka ba shi fam 1,000, aka umarce shi ya yi shiru, ya ƙona takardun zanen. Sai a shekarun 1970 aka fara sanin abin da ya yi. To ko shi ɗin, da yake talaka mai hazaƙa, a ɗakin binciken gidan waya na gwamnati ya yi aikin, da ma'aikatan gwamnati, da kayan gwamnati.

Intanet kuwa ba ta da uba guda, duk wanda ya ce maka tana da shi bai karanta ba. Bayan da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957, Amurka ta tsorata ta kafa hukumar bincike ta ARPA a 1958 a ƙarƙashin ma'aikatar tsaro. Dabarar yanka saƙo gunduwa-gunduwa a tura kowane yanki ta hanyar da ta samu, mutum biyu ne suka gano ta kowa da kansa, Paul Baran a Amurka da Donald Davies a Ingila. Ranar 29 ga Oktoba, 1969, wani ɗalibi a Jami'ar Kaliforniya da ke Los Angeles ya tura saƙon farko zuwa wata cibiya kusa da Jami'ar Stanford, harafi biyu kacal suka isa na'urar ta tsaya. Vint Cerf da Bob Kahn suka wallafa ƙa'idar da za ta sa hanyoyin sadarwa daban-daban su fahimci juna a 1974, ba a koma kanta gaba ɗaya ba sai 1 ga Janairu, 1983. Sannan a 1989 Tim Berners-Lee, ma'aikaci a cibiyar binciken CERN da ƙasashen Turai ke haɗa kuɗi suna riƙewa, ya kawo shawarar yanar gizo, kuma ranar 30 ga Afrilu, 1993, cibiyar ta sallama wa duniya ita kyauta. Google ma da ake gani, aikin digirin digirgir ne na ɗalibai biyu a Stanford, a ƙarƙashin wani shiri da hukumar kimiyya ta gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyinsa. Ko a nan Afirka, M-Pesa, hanyar tura kuɗi ta waya da ta fara a Kenya a 2007, da tallafin hukumar raya ƙasashe ta gwamnatin Birtaniya aka yi gwajinta na farko.

Wannan ya kawo mu ga labari na biyu. Mutumin da ake yaɗa hotonsa Philip Emeagwali ne, kuma ya kamata a ba shi haƙƙinsa daidai. An haife shi a 1954, yaƙin basasa ya katse masa karatu, ya yi ta fama har ya kai Amurka. A 1989 ya ci ɗaya daga cikin kyaututtukan Gordon Bell, saboda lissafin yadda man fetur ke gudana a ƙarƙashin ƙasa da ya yi a kan wata kwamfuta mai ƙwaƙwalwa 65,536, wadda kamfanin Thinking Machines ya ƙera. Wannan abin alfahari ne, kuma shugaba Bill Clinton ya yabe shi a jawabin da ya yi wa majalisar dokokin Najeriya a Abuja a shekarar 2000. Amma ranar da aka tura saƙon farko a 1969 shekarunsa 15. Lokacin da ya ci kyautar, intanet ta riga ta shekara shida a kan ƙa'idar Cerf da Kahn. Lissafi ne mai sauƙi. In muka ce shi ya ƙirƙiro intanet ba mu ƙara masa daraja ba, mun dai ba wanda ya san tarihin damar ya yi mana dariya, ya kuma haɗa da abin da mutumin ya yi da gaske ya watsar.

Abin takaicin shi ne, in ɗan Afirka muke nema, akwai shi, ba mu san sunansa ba ne kawai. Mohamed Atalla haifaffen Port Said ne a Masar, a 1924. Ya yi digirin farko a Jami'ar Alƙahira, ya tafi Amurka ya ƙaro karatu, ya shiga Bell Labs a 1949. A 1959 shi da abokin aikinsa Dawon Kahng, ɗan Koriya, suka ƙirƙiro wani sabon nau'in tiransista da ake kira MOSFET. Da farko ko shugabanninsu ba su ɗauke shi da muhimmanci ba, don bai kai na lokacin sauri ba. Amma shi ne wanda ake iya ƙanƙantawa a jera da yawa a kan ɗan guntun silikon, kuma a yau wayar da ke hannunka tana ɗauke da biliyoyinsa. Babu wani abu da ɗan Adam ya ƙera da yawansa ya kai na wannan. Bai tsaya nan ba, a farkon shekarun 1970 ya kafa kamfani ya ƙera akwatin da ke kare lambar sirrin katin banki. Duk mai POS da ke zaune a ƙarƙashin lema a Kantin Kwari yana cin albarkacin Atalla ta fuska biyu, amma da wuya ka ga hotonsa a WhatsApp.

Akwai kuma Kunle Olukotun, farfesa a Stanford, ɗan asalin Najeriya, wanda tun a shekarun 1990 ya dage a kan cewa maimakon a yi ta matsa wa ƙwaƙwalwar kwamfuta guda ta ƙara gudu, gara a haɗa ƙwaƙwalwa da yawa a kan guntu ɗaya su raba aiki. Kamfanin da ya kafa a kan wannan tunani, Sun Microsystems ya saye shi a 2002. In mai sayar da waya ya ce maka wannan ƙwaƙwalwarta takwas ce, hanyar da su Olukotun suka share ce ake bi. Ga Nii Quaynor a Gana, wanda ya koma gida ya yi aikin jona ƙasarsa da intanet a shekarun 1990, ya kuma horar da injiniyoyin sadarwa a faɗin nahiyar. Me ya sa ba ma yaɗa su? Ina jin don labarinsu ba shi da maƙarƙashiya a ciki, ba wanda ya ɓoye su, kuma sai ka ɗan yi karatu kafin ka gane abin da suka yi.

Sai dai akwai wata gaskiya mai ɗaci a labarin Atalla da Olukotun da Emeagwali, wadda alfahari ke hana mu kallo. Dukansu a ɗakunan binciken wasu suka yi aikin da aka san su da shi. Ƙwaƙwalwar tamu ce, amma ɗakin da wutar da albashin da abokan aikin na wasu ne. Wannan kuwa tsohon al'amari ne. Muna son ambaton Muhammad bin Musa Alkhawarizmi, kuma ya cancanta, don littafinsa na aljabara da ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820 yana cikin tushen wannan ilimi, babban kaso na littafin ma a kan lissafin wasiyya da rabon gado yake. Amma mukan manta cewa a inuwar Halifa Ma'amun ya yi aikin, a zamanin da fada ke biyan masu fassara da masu lissafi da masu duban taurari. Namu na gida, Muhammad bin Muhammad Alfulani Alkatsinawi, wanda ya yi rubutu a kan ƙa'idojin lissafin hatimi a 1732, a Alƙahira ya ƙare rayuwarsa a 1741. Masani yana bin inda ake riƙe masana ne, jiya da yau.

Akwai wani irin aikin share fage da ya fi kusa da mu, wanda kuma ba mai yi mana shi. Waɗanda suka yi amfani da kwamfuta a shekarun 1990 sun san wahalar rubuta Hausa da ita. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, sai a buga takarda a bi da biro ana lanƙwasa haruffa. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero yana cikin waɗanda suka zauna a wancan lokaci suka ƙera wa kwamfuta haruffan Hausa masu lanƙwasa, marubuta da masu ɗab'i suka samu sauƙi. Daga baya tsarin Unicode, wanda injiniyoyin Xerox da Apple suka faro a ƙarshen shekarun 1980 don ba kowane harafi na kowane harshe lambarsa, ya game duniya, shi ya sa yau za ka rubuta ƙ a Kano ta fito ƙ a wayar ɗan'uwanka a Kumasi. Ajaminmu kuwa ya daɗe a baya, sai a 2016 aka shigar da fa da ƙaf da nun irin na rubutun Warshu da allunanmu suka saba da shi. Google bai sa Hausa a manhajarsa ta fassara ba sai a ƙarshen 2013. Yau matasa a ƙungiyoyi irin su HausaNLP da Masakhane, da masu rubuta Wikipedia ta Hausa, suna tattara jimloli suna tantancewa don na'ura ta iya harshen, da yawansu ba tare da ana biyansu ba. Aiki ne mai gajiyarwa, ba ya kawo suna, kuma irinsa ne ainihin abin da matan ENIAC suka yi. Su ne ya kamata a kira su yi wa ɗalibai jawabi.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce labarin gwarzo guda yana zaburar da yaro, kuma ba laifi a ɗan ƙara gishiri in zai sa ya tashi. Za a ce ga masu digiri nan suna yawo da takardu ba aikin yi, alhali yaron da ya koyi gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano yana ciyar da gidansu. Za a kuma ce, kai da kake kiran gwamnati ta zuba kuɗi a bincike, ka manta a wace ƙasa kake?

Maganar masu gyaran waya gaskiya ce, kuma ban raina su ba ko kaɗan. Wanda zai ɗaga guntun da bai kai ƙwayar shinkafa ba daga allon waya ya mayar da wani, ba tare da ya taɓa shiga ajin lantarki ba, gwani ne. Muhawarar da ake yi ta ƙwarewa ko digiri ma tana da tushe, tunda akwai masu digirin kimiyyar kwamfuta da suka gama ba su taɓa rubuta manhajar da ta yi aiki ba, a allo da alli aka koya musu. Amma maganin jami'ar da ta lalace shi ne a gyara ta. Gyaran waya daban, ƙera abin da ke cikin wayar daban, kuma na biyun ba a taɓa yin sa a ko'ina ba tare da lissafi mai zurfi da ilimin fiziya da ɗakin gwaji ba. Ƙasar da ta ce wa 'ya'yanta ƙwarewar hannu ta wadatar ta amince ke nan ta dawwama tana gyaran abin da wasu suka ƙera. Abin da ke ba ni haushi shi ne sau da yawa masu faɗin digiri ba shi da amfani nasu 'ya'yan suna jami'o'in Ingila da Malesiya da Dubai. A 2022 jami'o'in gwamnatin tarayya sun shafe wata takwas a rufe, daga Fabrairu zuwa Oktoba, bayan wani dogon yajin a 2020. Yaron da aka zaunar a gida haka, sannan a zo a ba shi labarin Zuckerberg, an haɗa masa zalunci da izgili.

Zaburarwar da aka gina a kan ƙarya kuwa tana da ranar biya. Yaron da aka ce masa hazaƙa da kwamfutar cinya sun isa, in ya yi shekara biyu yana fama da rashin wuta da tsadar data bai zama Gates ba, kansa zai zarga, ko ya yanke ƙauna, ko ya karkata ga damfarar intanet inda ake ganin kuɗi da wuri. Da an gaya masa cewa Ritchie shekara 40 ya yi a ofis guda, da ya auna kansa da ma'aunin da ya dace.

Batun satar kuɗin gwamnati shi ne mai nauyi, kuma shi ya sa nake ganin irin kashe kuɗin ne ya kamata a canza. Abin da muka saba gani shi ne rabon kwamfutocin cinya a gaban 'yan jarida, da gina cibiyar fasaha a yanke ƙyalle a kulle, da horon mako biyu a ba da takardar shaida. Waɗannan su ne masu daɗin sata, don kwangila ce ta saye da gini. Albashin malami mai kyau, da wutar da ba ta ɗaukewa a sashe guda, da kuɗin ɗalibin digiri na uku da zai zauna shekara huɗu a kan matsala ɗaya, ba su da kaso mai tsoka da za a yanka, shi ya sa ba a son su.

Taiwan ta isa misali. A 1973 gwamnatinta ta kafa cibiyar binciken masana'antu ta ITRI, lokacin ƙasar an fi saninta da ɗinkin riguna da kayan roba. A 1976 ta biya kamfanin RCA na Amurka kuɗi, ta tura matasan injiniyoyi su koyo yadda ake ƙera guntun silikon, suka dawo gida aka ba su wurin aiki. Daga cibiyar aka fitar da kamfanin UMC a 1980, daga UMC kuma MediaTek ya fito a 1997, wanda ƙwaƙwalwarsa ce a cikin da yawa daga wayoyin Tecno da Infinix da ke kasuwanninmu. A 1987 aka kafa TSMC, gwamnati ta zuba kusan rabin jarin farko, kuma wanda aka damƙa wa ragamar ba yaro ba ne da ya gudu daga aji. Morris Chang ne, mai shekara 55, mai digirin digirgir daga Stanford, wanda ya yi shekara 25 yana aiki a Texas Instruments. Yau kamfanin ne ke ƙera wa Apple ƙwaƙwalwar iPhone.

Ba na cewa Kano ko Katsina ko Damagaram za su ƙera guntun silikon gobe. Amma jiha guda tana iya zaɓar sashe guda a jami'arta, na lissafi ko na kwamfuta ko na lantarki, ta ba shi wutar sola da intanet mai ƙarfi, ta biya malamai goma albashin da zai hana su tafiya, ta ɗauki nauyin ɗalibai masu bincike a kan matsalolin da ke gabanmu: harshen Hausa a na'ura, hasashen damina ga manomi, lissafin magani a asibitocin karkara. Kuɗin bai kai na gadar sama guda ba. Matsalar ita ce daga tura injiniyoyin Taiwan a 1976 zuwa kafa TSMC shekara 11 ne, gwamna kuwa ko ya yi tazarce takwas gare shi, kuma magajinsa ba ya son ƙarasa aikin da ba sunansa a kai. Don haka kuɗin irin wannan sashe sai majalisar jiha ta ɗaure shi da doka, kaso sananne daga kuɗin shiga, a riƙa wallafa yadda aka kashe shi duk shekara, yadda wanda ya gaji kujerar ba zai iya soke shi da takarda guda ba.